Wa Za a Tambaya Idan Yaro Ya Mutu a Hannun Hukuma? Tarihin Wata Kujera a Ingila

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari shirin wannan mako ba, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau tarihin wata kujera za mu bi, wato kujerar shugaban ofishin kula da yara na lardi ko na ƙaramar hukuma a ƙasar Ingila. Kujerar ba ta kai shekara 80 da kafuwa ba, amma an sauya mata suna da fasali sau da yawa, kuma manyan sauye-sauyen sun zo ne bayan an binne wani yaro. Za mu bi labarin yara huɗu, daga 1945 zuwa 2007. Tambayar da ta ratsa labaran duka guda ɗaya ce: idan hukuma ta ce ta ɗauki amanar yaro, wane ne takamaimai ya ɗauka? Wa za a kira da sunansa a ce ya zo ya yi bayani?

Bari mu fara daga farko.

A ranar 9 ga Janairu 1945, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Biyu, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Dennis O'Neill ya mutu a wata gona a lardin Shropshire. Shi da 'yan'uwansa 'yan garin Newport ne a yankin Wales. Kotu ce ta karɓe su daga hannun iyayensu saboda rashin kula, ta damƙa su ga hukumar garin. Hukumar kuma ta kai Dennis da ƙanensa Terence riƙo wurin wani manomi, Reginald Gough, da matarsa. Yunwa da duka ne suka kashe yaron. Kotu ta yanke wa manomin ɗaurin shekara shida.

Gwamnati ta sa wani babban lauya, Sir Walter Monckton, ya binciko yadda aka yi. Abin da ya gano shi ne ya girgiza mutane. Hukumar Newport ce ta kai yaran, amma gonar tana cikin Shropshire, kuma hukumomin biyu sun sami saɓani a kan kuɗin da ake biyan masu riƙo, har aka rasa wadda ke sa ido yadda ya kamata. A watan Disamba 1944 Newport ta tura wata akawu wadda ba ta da horo a wannan aiki. Duk da haka yarinyar ta ga abin da ta gani, ta koma ta rubuta cewa a ɗauke yaran daga gidan. Takarda ta shiga yawo tsakanin ofis da ofis, ba a yi komai ba har Dennis ya cika.

Kun ga, ba a rasa wanda ya gani ba. An rasa wanda maganar za ta isa gare shi ya ce a ɗauko yaran yau.

A wancan lokaci sha'anin yaran da ba sa gaban iyayensu a warwatse yake. Wasu na ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, wasu na cikin gida, wasu na ilimi, marayun yaƙi kuma na ma'aikatar fansho. A matakin ƙaramar hukuma ma haka, kwamiti-kwamiti. Tun a Yuli 1944 wata mata, Lady Allen, ta rubuta wasiƙa a jaridar The Times tana kokawa a kan halin da yara ke ciki a gidajen marayu. Mutuwar Dennis ta zo ta ƙara wa maganar nauyi. A 1945 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Myra Curtis, shugabar kwalejin Newnham a Cambridge. 'Yan kwamitin suka zaga gidajen yara sama da 400, suka fitar da rahoto a 1946. Sun ƙiyasta cewa kusan yara 125,000 ne a Ingila da Wales ba sa zaune a gidajen iyayensu. Sun tarar da wasu an cusa su a gidajen gajiyayyu tare da tsofaffi da marasa lafiya, babu wanda ya san su ɗaya-ɗaya.

Shawarar da kwamitin Curtis ya bayar ita ce ta haifi kujerar da muke magana a kai. Suka ce kowace hukuma ta kafa kwamitin yara guda ɗaya, ta naɗa jami'i guda ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Sun ma yi hasashen cewa yawanci mace ce za ta dace. Suna son mai ilimi mai zurfi, mai iya tafiyar da ofis, wadda kuma yaran za su san ta, su san cewa ita ce tasu a cikin gwamnati. Dokar Yara ta 1948 ta tabbatar da haka, ta fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948, rana ɗaya da tsarin kiwon lafiya kyauta na ƙasar. Aka kira mai kujerar Jami'in Yara, aka sa ma'aikatar cikin gida ta riƙa sa ido.

To, su wane ne suka hau kujerar? Da yawansu mata ne, a zamanin da da wuya ka ga mace tana shugabantar sashe a ƙaramar hukuma. Sun fara da ɗan ƙaramin ofis, ma'aikata kaɗan, kuɗi kaɗan. Akwai Barbara Kahan, wadda ta riƙe lardin Oxfordshire daga 1951 zuwa 1970. Ta yi suna wajen ƙin yarda a riƙa tura yaran da suka yi laifi gidan horo, tana ganin yaron da ya yi sata da yaron da aka yi watsi da shi sau da yawa matsalar gida ɗaya ce ta koro su. Akwai Lucy Faithfull a birnin Oxford, wadda daga baya ta zama 'yar majalisar dattawan ƙasar. Irin waɗannan shugabanni ne suka yi ta matsa wa gwamnati cewa ai ya fi sauƙi a tallafi uwa kafin gida ya watse da a zo ana neman inda za a kai 'ya'yanta. A 1963 doka ta ba su izinin kashe kuɗi a kan wannan rigakafi.

Kada wani ya ɗauka zamanin ba shi da tabo. A cikin shekarun nan ne ƙungiyoyin agaji da na coci suka ci gaba da tura yara zuwa Ostareliya, wasu ma an ce musu iyayensu sun mutu alhali suna raye. Sai a 2010 firaminista Gordon Brown ya nemi gafara a kan haka. An kuma ci zarafin yara a gidajen reno da dama, abin bai fito ba sai bayan shekaru. Amma ta fuskar tsarin ofis, abu ɗaya ya tabbata: tazarar da ke tsakanin teburin shugaba da ɗakin da yaro ke kwana ba ta da yawa.

Daga nan sai tunani ya sauya. Aka lura cewa gida ɗaya kan sami jami'in yara, da na masu taɓin hankali, da na tsofaffi, kowa na zuwa da nasa fayil. Kwamitin Frederic Seebohm ya ba da rahoto a 1968 cewa a haɗe su duka a sashe ɗaya, iyali su sami ƙofa ɗaya da za su ƙwanƙwasa. Aka yi doka a 1970, sababbin sassan jin daɗin jama'a suka fara aiki a 1971. Kujerar Jami'in Yara ta tafi, aka kawo Daraktan Jin Daɗin Jama'a. Hujjar tana da kyau, kuma sashen ya sami ƙarfi da kasafin kuɗi mai kauri. Sai dai yanzu darakta yana da tsofaffi da naƙasassu da marasa lafiya da yara duk a kansa, tsakaninsa da ma'aikacin da ke shiga gidaje akwai matakala hawa-hawa. Ma'aikacin da ya ƙware a kan yara kuma aka ce ya yi komai da komai. Idan dambu ya yi yawa, ai ba ya jin mai.

Ba a yi shekara biyu ba, a Janairu 1973, Maria Colwell, 'yar shekara 7, ta mutu a garin Brighton a hannun mijin mahaifiyarta. Ta yi shekaru tana zaune lafiya a wurin gwaggonta, kotu ta mayar da ita gun uwarta, hukuma na sa ido. Maƙwabta sun kai ƙara, malaman makaranta sun yi magana, ba sau ɗaya ba. Rahoton bincike na 1974 ya nuna cewa bayanan sun tsaya ne gutsi-gutsi a ofisoshi daban-daban, babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya. Maganin da aka kawo shi ne rajistar yaran da ke cikin haɗari, da kwamitocin da ke haɗa likita da ɗan sanda da malami da jami'in jin daɗin jama'a a tebur ɗaya. Daga wannan lokaci aikin shugaba ya ƙaru: bayan tafiyar da nasa ofis, dole ya iya sa ofisoshin da ba ya iko da su su riƙa magana da juna.

Yanzu mu tsallako zuwa labarin da ya fi kusa da mu.

An haifi Victoria Climbié a Abobo, cikin Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a 1991. A 1998 wata 'yar'uwar kakanta, Marie-Thérèse Kouao, ta zo daga Faransa ta ce a ba ta yarinyar ta sa ta makaranta a Turai. Iyaye suka amince. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan, riƙo ne. Suka zauna Faransa, sannan suka shiga Landan a Afrilu 1999. Ranar 25 ga Fabrairu 2000 Victoria ta rasu tana da shekara 8. Likitan da ya duba gawar ya ƙirga tabo da rauni 128. A watanninta na ƙarshe a cikin bahon wanka take kwana, an sa ta cikin ledar shara, a banɗakin da ba ɗumi, cikin hunturun Ingila. A Janairu 2001 aka yanke wa matar da saurayinta Carl Manning ɗaurin rai da rai.

Abin da zai ba ku mamaki, yarinyar ba a ɓoye take ba. Ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita: Ealing, Brent, Haringey da Enfield. An kwantar da ita a asibiti biyu. 'Yan sanda masu kula da yara sun san da batunta. A asibitin farko aka ce tabon jikinta ƙazuwa ce, maganar ta bi fayil, har wata 'yar sanda ta fasa zuwa gidan don tsoron kada ta ɗauka. Faransanci yarinyar ta fi ji, amma ba a zaunar da ita da tafinta an tambaye ta abin da ke damunta ba. Hukumar Haringey ta rufe fayil ɗinta a ranar da ta mutu.

Lord Laming, wanda shi kansa tsohon daraktan jin daɗin jama'a ne, ya jagoranci bincike, ya fitar da rahoto a Janairu 2003 mai shawarwari 108. Ya lissafa aƙalla lokuta 12 da za a iya ceton ta. Jama'a sun zaci ƙananan ma'aikata zai ɗora wa laifi, tunda su aka fara dakatarwa. Bai wanke su ba, amma kaso mafi girma manya ya ba. Ma'aikaciyar da aka ba fayil ɗin Victoria sabuwa ce a aiki, an lafta mata fayil fiye da ƙima, kuma ba ta samun mai zama da ita ya duba aikinta yadda ya dace. Haringey kuma ta kashe wa sha'anin yara ƙasa da abin da gwamnati ta ƙiyasta mata. Da aka kira manyan, da yawa suka nuna cewa su tsare-tsare suke yi, abin da ke faruwa a ƙasa ba huruminsu ba ne. Wasu ma sun riga sun sami manyan muƙamai a wasu wurare. Laming ya ƙi karɓar wannan uzuri. A wurinsa, rashin sani shi ne laifin shugaba, domin aikinsa ne ya gina hanyar da zai sani.

Ku duba irin shawarwarin da ya bayar, babu wani abin al'ajabi a ciki. Kada a rufe fayil sai an ga yaron an yi magana da shi shi kaɗai. Idan ba ya jin Turanci a nemo tafinta. Kada a ba ma'aikaci fayil sai shugabansa ya tabbatar yana da horo da lokacin yin aikin. Manyan jami'ai su riƙa zaro fayil ba tare da zaɓe ba, aƙalla duk wata uku, su karanta da idonsu. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne aikin.

Dokar Yara ta 2004 ta biyo baya. Aka ƙirƙiro Daraktan Ayyukan Yara a kowace hukuma, da kansila guda mai ɗauke da alhakin siyasa, da kwamishinan yara na ƙasa. Wato bayan shekara 56 an dawo kan shawarar Curtis ta a sami mutum ɗaya. Bambancin shi ne wannan karon an haɗa masa makarantu da kare yara a kujera ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka naɗa daga ɓangaren ilimi suka fito.

Sai ga shi a Haringey ɗin dai, ranar 3 ga Agusta 2007, Peter Connelly, ɗan wata 17, ya mutu da raunuka sama da 50. Sunansa na cikin rajistar yaran da ke cikin haɗari. Ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a da 'yan sanda sun gan shi kusan sau 60 a cikin wata takwas. An taɓa shafa masa cakulan a fuska don a rufe tabo. Kwana biyu kafin rasuwarsa an kai shi gaban likita, ba a duba shi sosai ba. A Nuwamba 2008 kotu ta kama uwarsa da saurayinta da ɗan'uwan saurayin da laifi.

Wannan karon akwai sunan da za a kira: Sharon Shoesmith, daraktar ayyukan yara, wadda ta yi suna wajen gyara makarantun yankin. Da ta fito gaban 'yan jarida, ta zo da alƙaluma da jadawali masu nuna cewa sashenta na ƙoƙari. Mutane kuwa hoton yaro suke gani. Jaridar The Sun ta tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a kore ta. Ranar 1 ga Disamba 2008 ministan yara Ed Balls ya sanar da cire ta kai tsaye a talabijin, hukumar kuma ta sallame ta ba ko sisi. A Mayu 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce korar ta saɓa doka, don ba a ba ta damar kare kanta ba.

Akwai abu biyu a nan da bai kamata hayaniya ta rufe ba. Na farko, hukumar sa ido ta Ofsted ta ba sashen kyakkyawan maki a 2007, bisa alƙaluman da aka miƙa mata. Da masu dubawa suka shiga da ƙafarsu a ƙarshen 2008, suka ce aikin bai kai ba. Ke nan takarda na iya cewa lafiya lau alhali ba lafiya. Na biyu, daraktar ita ce kuma shugabar kwamitin da ya sa ido a kan binciken farko na mutuwar yaron. Mutum ba ya zama alƙalin kansa, ko da mai gaskiya ne.

Me korar ta haifar? Tsoro. Ƙararrakin neman a raba yara da iyayensu suka yi tashin gwauron zabi, domin babu ma'aikacin da ke son sunansa ya fito a jarida. Samun masu son aikin ya ƙara wuya. A 2011 Farfesa Eileen Munro ta gabatar wa gwamnati rahoto cewa garin gudun kuskure an cika aikin da fom da ƙa'ida da wa'adi, har ma'aikaci ya fi daɗewa gaban kwamfuta a kan gaban yaro. Ta nemi a rage, a mayar da hankali kan ƙwarewa da tunanin ma'aikaci, shugabanni kuma su karɓi gaskiyar cewa aikin nan ba ya rabuwa da rashin tabbas.

Idan muka jera labaran, ga abin da ni nake gani. A 1945 babu wanda za a tambaya. A 1948 aka samar da shi, aka ajiye shi kusa da yaran. A 1971 aka ɗaga shi sama har ya daina hango su. A 2004 aka dawo da shi, a 2008 aka nuna cewa ana iya fille masa kai a bainar jama'a ba tare da yaro ko ɗaya ya ƙara samun tsaro ba. Sanya suna a ƙofar ofis rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ko labarin yaro ɗaya zai iya tasowa daga bakin maƙwabciya ko akawu ko nas, ya iso teburin mai iko kafin lokaci ya ƙure. Dennis da Maria da Victoria da Peter, kowannensu akwai wanda ya gani ya yi magana. A hanya maganar ta mutu.

Me ya haɗa mu da wannan? Dokokinmu na yara a Najeriya daga can aka fara kwafo su, tun daga dokar yara da matasa ta Legas ta 1943, wadda Jihar Arewa ta yi irinta a 1958. A 2003, shekarar rahoton Laming, muka yi dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa, jihohinmu kuma suka biyo da nasu daga baya. Riƙon da ya kai Victoria Landan kuwa, a gidajenmu yake har gobe, kuma mafi yawansa alheri ne. Mukan ce ɗa na kowa ne, gaskiya ne. Amma tarihin nan ya nuna abin da ke faruwa idan na kowa ya zama ba na kowa ba.

Don haka ga aikin gida. A ƙaramar hukumarku, wa ke riƙe da ofishin jin daɗin jama'a? Ma'aikata nawa gare shi? Yana da abin hawa da zai kai shi ƙauye idan an kira? Idan yau malamar firamare ta ga tabo a bayan ɗalibarta, ƙofar wa za ta buga, kuma kwana nawa kafin wani ya je gidan? Ku je ku tambaya cikin ladabi, ku rubuto mana abin da kuka samu a ƙasan wannan rubutu, za mu karanto wasu a shiri na gaba.

Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, a huta lafiya.